Kunkurun ruwa da kififiya a tabkunan Maraɗi: aikinsu a ruwa, makomarsu a laka

A duk lokacin da aka zauna lissafin amfanin tabki a jihar Maraɗi, abubuwa huɗu ne ke fitowa daga bakin mutane: kifin da masunta ke kamawa, ruwan da garke ke sha, lambun da ake nomawa a gefe da rani, da lakar da ake buga tubali da ita. Kunkurun ruwa da kififiya ba sa shiga wannan lissafi, kuma idan an tuna da su, to ana tunawa da su ne a matsayin masu ɓata wa masunci kamu, ko abin da yara ke ɗaura wa igiya da damina. Ina ganin wannan sakaci ne mai jawo asara, domin waɗannan halittu suna cikin masu riƙe da lafiyar ruwan da muke shayar da dabbobi, muke su a cikinsa, yaranmu kuma suke wanka. Abin da ya fi cancanta a gane shi ne, a ƙasa irin tamu inda damina ba ta wuce wata 3 zuwa 4, rayuwarsu tana rataye ne da abin da ake yi wa ƙasan tabki da gaɓarsa bayan ruwa ya janye, wato a daidai lokacin da kowa ke kallon wurin a matsayin fili da babu mai rai a cikinsa.

Ya kamata tun farko a ware babban kunkurun tudu, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, wanda wasu ke ajiyewa a gidajensu. Shi ne na uku a girma a cikin kunkuran tudu na duniya, ciyawa yake ci, rami mai zurfi yake haƙawa ya fake daga rana, kuma ba a halicce shi don ruwa ba. Wanda ake magana a kansa a nan wani ne daban. Shi ne ɗan ƙaramin kunkurun da ke bayyana a tabkuna da kududdufai na yankin Sahel da zarar ruwa ya kwanta, daga dangin da ake kira Pelomedusa. Ƙoƙon bayansa a baje yake, launinsa na laka, tsawonsa ba kasafai yake wuce santimita 20 ba, akwai kuma fata tsakanin yatsunsa don iyo. Wanda ya taɓa ɗaukarsa ya san ba ya jan kai ya shige ciki kai tsaye yadda na tudu ke yi. Lanƙwasa wuyansa yake gefe guda ya sa kan a ƙarƙashin bakin ƙoƙo, ido ɗaya yana kallon wanda ya riƙe shi, sannan ya saki wani ruwa mai ɗoyi daga gefen jikinsa, ɗoyin da kan daɗe a hannu ko an wanke. An daɗe ana ɗaukar cewa nau'i guda ne ya bazu daga Senegal har Afirka ta Kudu da Madagaska da kudancin Larabawa, sai a 2014 binciken ƙwayoyin gado ya raba shi zuwa nau'i 10. Ma'anar wannan a aikace ita ce, wanda ke tabkunanmu ba shi da faɗin mazauni kamar yadda aka zata, kuma yawan ɗan uwansa a gabashin Afirka ba ya maye gurbinsa idan ya ƙare a nan.

Kusa da shi akwai dangin Pelusios, waɗanda gaban ƙoƙon cikinsu ke da mahaɗi mai motsi, ta yadda idan kunkurun ya ɓoye kai sai ya ɗaga wannan sashe ya rufe ƙofar. Ɗaya daga cikinsu, Pelusios adansonii, yana bin ruwayen Sahel tun daga kogin Senegal, ya ratsa kogin Isa da tabkin Cadi, har zuwa kogin Nilu.

Kififiya kuwa siffarta ta bambanta ƙwarai. Bayanta fata ce mai taushi da santsi a kan ƙashi, jikinta a shimfiɗe, wuyanta dogo mai saurin kai cizo, hancinta kuma ya fito kamar ɗan bututu, abin da ke ba ta damar kwanciya a ƙarƙashin yashi a ruwa marar zurfi ta miƙo hanci kaɗai ta shaƙi iska. Tana iya tsotsar iskar oksijin daga ruwa ta fatar maƙogwaronta da ta jikinta, shi ya sa take daɗewa a nutse, amma duk da haka da huhu take numfashi, kuma idan taru ya riƙe ta a ƙasa tsawon lokaci mutuwa take yi. Babbar cikin kififiyun yankin nan, Trionyx triunguis, tana kai kusan mita ɗaya, kuma manyan ruwaye da ba sa ƙafewa take so, irin kogin Isa da yankin tabkin Cadi. Ƙaramarta, Cyclanorbis senegalensis, ita ce ta saba da Sahel, tana da wasu fatu biyu a ƙarƙashinta da take rufe ƙafafun baya da su, kuma tana iya binne kanta a laka ta jira damina. Dukansu biyu suna cikin jerin da IUCN, ƙungiyar duniya mai kare halittu da muhallinsu, ta ce suna fuskantar haɗarin raguwa.

Waɗannan halittu sun riga mu zama a ƙasar nan da nisa. A Gadufawa, cikin Tenere, inda aka tono ƙasusuwan ƙaton kadan nan na zamanin da da ake kira Sarcosuchus, an samu ƙoƙunan kunkuran ruwa masu lanƙwasa wuya gefe, waɗanda suka rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A Gobero kuma, wani wuri a cikin Tenere da ayarin masani Paul Sereno na jami'ar Shikago ya gano a 2000, mutanen da suka zauna a bakin wani tabki shekaru dubbai da suka wuce sun bar ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina da kififiya, har an samu wani mutum da aka binne a kan ƙoƙon kunkuru. Yau wurin rairayi ne. Abin lura a wannan tarihi shi ne kunkurun ruwa yana da juriyar rani mai zuwa ya wuce, amma ba shi da dabarar da zai yi idan ruwa ya tafi bai dawo ba, ko ya dawo ya tarar babu lakar da zai kwanta a kai.

Yadda yake jure ranin shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Bayan kaka, idan hunturu ya fara shanye tabki, ruwa ya koma ɗan kwalbatin da kifi ke cunkushe a ciki, kunkurun yakan zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu. Wani yakan nutse cikin lakar tun tana da danshi, ya bari ta bushe ta tsattsage a kansa. Wani kuma yakan fito ya yi tafiya a tudu, ya shige ƙarƙashin saiwar giyayya ko bagaruwa, ko cikin tarin ganye da ramukan da wasu dabbobi suka bari. A can yakan rage bugun zuciya da numfashi, ya daina ci, ya dogara da kitsen jikinsa da ruwan da ya adana a mafitsara, ya kwanta wata da watanni. Masunta da manoman fadama sun san irin wannan ɗabi'a a wurin gaiwa, wadda ake tonowa daga busasshiyar laka a cikin kubenta. Da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a Yuni ko Yuli, ƙasa ta jiƙa, sai a wayi gari a ga kunkuru yana ratsa gona ko hanyar mota, bayansa da ɓurɓushin laka, yana neman inda ruwa ya taru. Mutane kan yi mamakin daga ina ya fito, alhali yana nan ƙarƙashin ƙafafunsu tun bara.

Haihuwarsa ma a tudu take. Macen takan fito daga ruwa, sau da yawa da yamma ko da dare, ta nemi wuri mai ɗan tudu da ruwa ba zai malale shi ba. Da ƙafafun baya take haƙa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta ga abin da take yi ba, idan ƙasar ta yi tauri kuma ta jiƙa ta da fitsarinta, har ramin ya zama mai ƙunci a baki da faɗi a ciki. Takan zuba ƙwai kamar 10 zuwa 30, ta mayar da ƙasa, ta daddanne da ƙirjinta, ta koma ruwa. Daga nan zafin ƙasa ne ke ƙyanƙyasa su a cikin wata 2 zuwa 3. A dangin Pelomedusa da Pelusios zafin ramin ne ma ke ƙayyade ko ɗan zai fito namiji ko mace, ba kamar kififiya ba wadda ƙwayoyin gado ke yanke mata wannan. Saboda haka sare itatuwan da ke inuwantar da gaɓa, tare da ƙaruwar zafin da ake gani a Sahel, yana iya karkatar da yawan maza da mata a tabki guda ba tare da kowa ya taɓa kunkuru ko ɗaya ba.

Aikinsu a cikin ruwa yana farawa ne da mushe. Abin da ungulu ke yi a bayan mahauta shi kunkurun ruwa ke yi a tabki, kuma duk wanda ya lura da yadda ungulu ta yi ƙaranci a kasuwanninmu, har IUCN ta sa ta a sahun masu dab da ƙarewa a 2015, zai gane cewa mai kwashe mushe ba a sanin darajarsa sai ya ɓace. Tabkin Sahel yana samun mushe da yawa, musamman a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya yi zafi ya ragu, kifi ya fara mutuwa, akuya ko tsuntsu ya maƙale a laka. Idan naman ya ruɓe a hankali, ƙwayoyin bakteriya sukan cinye iskar oksijin da ke ruwan, sinadarin amoniya ya ƙaru, sauran kifin su bi sahu, ruwan ya yi wari har dabba ta ƙi sha. An gwada wannan a Ostareliya, a wani bincike da aka wallafa a 2020 kan kunkuran kogin Murray: a tabkunan gwaji da aka jefa matattun kifaye, waɗanda ke da kunkuru sun rabu da mushen da sauri, amoniya ta sauka, iskar ruwan kuma ta dawo daidai tun kafin ta dawo a waɗanda babu kunkuru. A Indiya hukumomi sun kai ga kiwon kififiya da gangan, suka saki dubbai a kogin Ganga kusa da birnin Varanasi tun daga ƙarshen shekarun 1980, domin su rage gawarwakin da ke gurɓata kogin.

Bayan mushe akwai farauta. Kunkurun tabki ba ya zaɓen abinci: ƙwarin ruwa, tsutsotsin sauro, ƴaƴan kwaɗi, tana, ƙaguwa, matsattsaku, ƙananan kifi da katantanwa duk yana ci, yana haɗawa da ganyen ruwa da ƴaƴan itacen da suka faɗo. A Afirka ta Kudu an ɗauki hotonsa yana cire kaska daga jikin ɓauna da gadu da suka shiga ruwa, a Namibiya kuma an ga taronsu suna jan kurciya da ta zo shan ruwa. A ƙasar Honduras an taɓa gwada sa ƴan ƙananan kunkura a tankunan ruwa na gidaje, suka cinye tsutsotsin sauron da ke ciki.

Batun katantanwa ya fi shafarmu, saboda tsargiya. Tsutsar da ke sa yara fitsarin jini ba ta iya kammala rayuwarta sai ta bi ta jikin wata ƴar ƙaramar katantanwa ta dangin Bulinus, wadda ke yaɗuwa a tabkuna da magudanan ban ruwa irin na fadamun noman rani. Duk abin da ke cin wannan katantanwa yana rage wa cutar hanya. Senegal ta ga abin da ke biyo baya idan aka kawar da mai cin ta: bayan kammala madatsar Diama a kan kogin Senegal a 1986, jatan landen kogi da ke buƙatar zuwa bakin teku don haihuwa ya ɓace daga saman madatsar, katantanwa ta yi yawa, tsargiya ta ɓarke a yankin Richard Toll cikin ƴan shekaru, kuma da aka gwada mayar da jatan landen a wani mashigin ruwa, katantanwa masu ɗauke da cutar sun ragu. Ba na cewa kunkuru zai maye gurbin maganin da ake rabawa a makarantu, ko tsabtataccen ruwan famfo da bayan gida. Abin da nake cewa shi ne, tabkin da aka kwashe masu cin katantanwa daga cikinsa, kifi ne ko kunkuru, an sauƙaƙa wa cutar zama a cikinsa.

Akwai kuma aikin da ba a gani da ido. Kunkuru yana tara sinadaran kalsiyam da fosfaras masu yawa a ƙashinsa da ƙoƙonsa, yana riƙe su shekaru, kashinsa kuma taki ne ga tsirran ruwa da ƙananan halittun da ƴaƴan kifi ke ci. Idan yana tonon abinci a ƙasa yana motsa laka, yana sakin abin da ya kwanta a ciki. Ƙwayayen da macen ke binnewa a gaɓa abinci ne da aka ɗebo daga ruwa aka kai tudu, inda guza da tunku da dila da karnuka ke tono mafi yawansu, ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe kuma zalɓe da tarwaɗa ke rage su. Ƙwayar itacen da ya haɗiye a wannan tabki yana iya kasayar da ita a wancan. A wasu tabkunan Amurka da aka auna, nauyin kunkuran da ke hekta ɗaya ya kai ɗaruruwan kilo, wato ba ƙaramin kaso ba ne na dukan mai ran da ke wurin.

Ƙorafin masunta gaskiya ne, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Kunkuru yana cinye abincin da aka sa a ƙugiyar mamari, yana gutsurar kifin da ya maƙale a taru ya bar rabi, kififiya tana yaga koma kuma cizonta yana cire nama. Mai kiwon kifi a kududdufin da ya zuba wa ƙananan tarwaɗa yana da hujjar kange shi da raga. Sai dai kifin da kunkuru ke samu a buɗaɗɗen tabki yawanci wanda ya riga ya mutu ne, ko marar lafiya, ko wanda raga ta riƙe masa, domin lafiyayyar karfasa ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Asarar da masunci ke gani a tarunsa da safe a fili take, ribar da yake samu daga ruwa mai tsabta kuwa ba ta da ranar da take bayyana, shi ya sa hukuncin da ake yanke wa dabbar yake fin laifinta.

Dalilin da ya sa kashe babba ɗaya ke da nauyi yana cikin yadda kunkuru ke yaɗuwa. Kifi irin karfasa yana balaga cikin watanni, ya zuba ƙwai sau da yawa, don haka tabkin da aka kwashe yana iya cika bayan damina ɗaya ko biyu. Kunkuru yana ɗaukar shekaru kafin ya balaga, mafi yawan ƙwansa da ƴaƴansa ba sa kai labari, abin da ke riƙe zuriyarsa kawai shi ne macen da ta tsallake ƙuruciya tana rayuwa shekaru masu yawa tana zuba ƙwai kowace shekara. Binciken da Justin Congdon da abokan aikinsa suka yi shekaru da dama a jihar Michigan ta Amurka ya nuna cewa ƙarin mutuwar manya, ko da kaɗan ne a kowace shekara, ya isa ya sa adadin ya yi ta raguwa. A gandun Algonquin na Kanada, karnukan ruwa sun kashe kusan rabin manyan kunkuran wani tabki a ƙarshen shekarun 1980, kuma bayan fiye da shekara 20, a wurin da babu mai farauta, adadin bai dawo ba. Wannan ne ya sa ganin ƴan ƙanana da damina ba ya nuna cewa lafiya lau ake, kuma kunkuran da ake gani a tabki suna iya zama tsofaffin da babu masu gadonsu.

Duniya ta riga ta ga inda wannan hanya ke kaiwa. Wani nazari da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa daga nau'in kunkuru 356 da aka sani, kusan kashi 61 cikin 100 suna cikin haɗari ko sun riga sun ƙare. A Asiya cinikin nama da magani ya kwashe koguna tun shekarun 1990, har babbar kififiyar kogin Yangtze ta kai ga macen ƙarshe da ke gidan namun daji a Sin ta mutu a 2019, wata da aka gano a wani tabki a Biyetnam ita ma ta mutu a 2023. Da kayan Asiya suka yi ƙaranci, fatake sun juyo Afirka, abin da ya sa taron CITES, yarjejeniyar da ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, da aka yi a Johannesburg a 2016 ya sa kififiyun Afirka a jerin da ba a fitar da su ƙetare sai da izini. Wata ƴar uwar kififiyarmu, Cyclanorbis elegans, wadda a da ake samu daga Gana har Sudan, ta ɓace wa masana shekaru da yawa kafin a sake ganin ta a Sudan ta Kudu a 2017.

A Maraɗi matsalar ta fi kama da zaizayewa a hankali fiye da fatauci. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo ta Madarunfa, ya bi ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Gulbin da ambaliyarsa ta 1945 ta tilasta wa tsohon garin Maraɗi hawa tudu, yau ruwansa ya dogara da abin da madatsar Jibiya, wadda aka gina wajen 1990, ta saki. Malalar da ke cika ƙananan tabkunan fadama ita ce hanyar da kunkuru ke bi daga wannan ruwa zuwa wancan, kuma idan ta ragu kowane tabki yakan zama keɓaɓɓe. Ga kuma yashin da ƙoramu ke kwasowa daga gonakin da suka tsiraita suna jibgewa a tabki, yana rage zurfi, yana rufe lakar da ke riƙe danshi da rairayin da ke bushewa cikin kwanaki. Injinan ban ruwa suna ƙarasa abin da ya rage tun kafin lokacinsa, ta yadda watannin kwanciya a ƙasa ke ƙaruwa, watannin ci da tara kitse kuma ke raguwa.

Sannan ga abin da ke faruwa a busasshen tabkin kansa. Garma da galma suna bi ta kan wanda ya binne kansa. Mai buga tubali yana tono shi, idan an yi sa'a ya jefar da shi gefe cikin ranar bazara inda ba zai kai yamma ba. Lambuna suna zagaye ruwa da shingen ƙaya da na waya har macen ta rasa ta inda za ta fita zuba ƙwai, wadda ta samu ta zuba kuma a cikin fangalin da ake kaftu da ban ruwa kullum ne. Maganin ƙwarin da ake fesa wa tumatir da kabeji yana gangarawa ruwa, ya kashe ƙwarin da take ci, ya taru a jikin dabbar da ke rayuwa shekaru. Wutar da ake sa wa busasshiyar ciyawar gaɓa tana cin waɗanda suka fake a ƙarƙashinta. Ba na ɗora wa mai lambu ko mai tubali laifi, domin noman rani shi ne ke cike giɓin da damina ta bari a gidaje da yawa, kuma ramukan tubalin ma, idan sun tara ruwa, sukan zama sabon mazauni ga kunkuru, muddin an bar gefe ɗaya a kwance yadda zai iya hawa ya fita. Matsalar ita ce babu wanda ya taɓa ce musu akwai mai rai a ƙasan da suke aiki.

Tabkin Madarunfa, wanda aka sa a jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 2019, kuma yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006 tare da dajinsa da kaburburan waliyyai 99, shi ne wurin da ya fi dacewa a fara gyara, domin yana da masunta masu tsari da shugabanninsu, yana da ma'aikatan gandun daji, yana kuma da alfarma a idon jama'a. Doka ma akwai ta, tun dokar farauta da kare namun daji ta 1998, ga yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Najeriya kan rabon ruwayen da suka haɗa, ciki har da gulbin Maraɗi. Amma a ganina abin da zai yi tasiri da sauri ƙananan ƙa'idoji ne da sarkin ruwa da maigari da hukumomin filaye na COFO za su iya tsayarwa a tsakaninsu. A ware mafi zurfin sashen kowane tabki, inda laka ke daɗewa da danshi, a hana noma da tono a cikinsa. A bar wasu mashigai a gaɓa da ba a shinge ba, da itatuwansu. A riƙa ɗana gura yadda samanta zai fito bisa ruwa, a kuma duba taru da mamari da wuri, domin wanda ya shiga ya samu numfashi. Babbar macen da aka kama da damina a mayar da ita ruwa. Wanda ya tono kunkuru da rani ya sake binne shi a inuwa mai danshi. Yaran da ke wasa da shi kuma a koya musu wanke hannu da sabulu, domin yana ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa.

Maganin yashin da ke cike tabki yana can sama a gonaki, kuma jihar nan ta fi kowa saninsa, tunda a nan ne sassaben zamani ya samo asali a farkon shekarun 1980, manoma suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara suna girma har miliyoyin hekta suka sake yin itace. Kowace gonar da ke gangara wa tabki, idan ta riƙe ƙasarta, ta ƙara wa lakar da ke ƙasa shekaru.

Duk wannan yana buƙatar ƙidaya, kuma ƙidayar kunkuru ba ta da tsada. Tun 1939 masana ke amfani da hanya guda: a ɗan goge gefen ƙoƙo da zarto a wurare daban-daban yadda kowane kunkuru zai samu lambarsa, a auna tsawonsa da nauyinsa, a rubuta namiji ne ko mace, a sake shi, alamar kuma ba ta gogewa. Ɗaliban sashen aikin gona da muhalli na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna iya yin haka a Madarunfa da tabkunan Jiratawa da na gefen dajin Baban Rafi, tare da masuntan da suka san wane nau'i ne ke shiga tarunsu, a wane wata, da kuma wanda suka daina gani. Bayan damina 3 ko 4 na irin wannan rubutu za a iya sanin ko ƙanana suna shigowa sahun manya, a kuma gane wace gaɓa ce mata ke zuba ƙwai, domin a san inda za a fara hana shinge da garma.